Kananzir a Robar Lemo: Ba Uwa Kaɗai Za a Tambaya Ba

Robar lemo ba ta mutuwa da wuri a ƙasar Hausa. Wanda ya saya zai shanye ya yar, mai tsintar roba ya ɗauka, a tara a buhu, a kai kasuwa, a wanke, a sayar wa matan aure masu sana'a a cikin gida. Daga nan sai ta shiga sabuwar rayuwa: yau zoɓo, gobe kunun aya, jibi lamurje ko ruwan sanyi. Wata ta faɗa hannun mai man gyaɗa ko manja. Wata kuma ta ƙare a teburin mai kananzir na bakin layi, wanda ke auna na ɗari biyu, na ɗari biyar, ya miƙa wa yaron da aka aiko. Roba iri ɗaya, murfi iri ɗaya, sau da yawa ma takardar kamfanin lemon tana nan manne a jiki. Babba ya san wacce ce wacce, domin shi ya ajiye. Yaro ɗan wata goma sha takwas abu guda ya sani: duk lokacin da aka miƙo masa irin wannan roba, abin daɗi ne a ciki.

Ta haka yawancin yaran da ke shan kananzir suke shansa. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe da sani. A 1992 an buga wani nazari na shekara shida da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ilori, a 2008 kuma aka buga wani na shekara bakwai daga Asibitin Malam Aminu Kano, dukansu a kan yaran da aka kawo sun sha kananzir. Rahotanni irin waɗannan, daga arewa har kudu, kusan magana ɗaya suke yi. Kananzir yana sahun gaba cikin gubar da ƙananan yara ke sha bisa tsautsayi. Yaran galibi 'yan shekara ɗaya zuwa uku ne, daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi. An zuba man a kwalbar lemo, ko robar ruwa, ko kofi, an bar shi a ƙasa. Kuma kafin a iso asibiti an riga an ɗura wa yaron wani abu a gida. Babban rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2008 kan raunukan yara shi ma ya sa kananzir cikin manyan abubuwan da ke illata yara a ƙasashe matalauta. Nazarce-nazarcen asibitocin nan kuwa waɗanda suka kai asibitin koyarwa kaɗai suka ƙirga. Na ƙauye da na lungu, waɗanda lamarinsu ya ƙare a tsakar gida ko a shagon mai kemis, babu littafin da sunansu ya shiga.

Mutane kan ce ai warinsa kaɗai ya isa ya kori yaro. Wannan hankalin babba ne. Yaron da ya fara tafiya komai bakinsa yake kai wa, ba ya shinshinawa kafin ya kurɓa, balle idan ƙishirwa ta kama shi. Shi ya sa abin ya fi yawa a lokacin zafi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, yaro na zagaye tsakar gida yana neman ruwa, ga roba mai ruwa fari tas a gindin murhu. Kurɓa ɗaya yake yi, ɗacin ya buge shi, ya tofar, ya fashe da kuka yana tari. Kurɓar nan ɗaya ta isa.

Abin da ya kamata kowane gida ya gane shi ne: kananzir ba a ciki yake ɓarna ba, a huhu yake yi. Wanda ya sauka cikin ciki ya zauna, hanji ba ya tsotsarsa sosai. Yakan sa tashin zuciya, ko ciwon ciki, ko zawo, ya fita. Masifar tana ga ɗan abin da ya kauce ya bi hanyar iska. A maƙogwaro hanyar abinci da hanyar numfashi maƙwabta ne, kuma kananzir ba shi da kauri ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa ganin ɗigonsa ɗaya a kan zane ya san yadda yake malala ya ci wuri nan da nan; haka yake yi a cikin huhu. A can ciki akwai ƙananan jakunkunan iska, miliyoyinsu, waɗanda aka shimfiɗa wa wani ruwa mai santsi da ke hana su mannewa idan an fitar da numfashi. Kananzir yana narkar da wannan ruwan, ya ƙone fatar jakunkunan, su rufe, su kumbura, su tara ruwa. Sai iska ta riƙa shiga amma ba ta isa jini. Abin da bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, in dai ya shiga huhu, yana iya kwantar da yaro rai a hannun Allah. Fetur ma haka yake, har ya fi saurin tashi, tururinsa na iya bugar da yaro ya sume. Tinna da ake sirka fenti da shi duk dangi ɗaya ne.

Idan an fahimci wannan, za a ga inda taimakonmu na gida yake juyewa ya zama cuta. Kowa ya san yadda ake yi. Uwa ta kurma ihu, maƙwabta su cika gida, kaka ta karɓe yaron. "Ke, miƙo manja!" Wata ta ce, "A'a Inna, madara ake ba shi." Wani daga zaure ya ɗaga murya, "Ku sa masa yatsa ya amayar kafin ya bi jini." A danne yaro yana kuka yana shure-shure, a matse masa hanci, a ɗura. Babu mugu a cikinsu. Kakar nan da za ta iya ba da ranta a madadin jikanta, da ta bayar. Tunanin ma yana da ma'ana a fuska: guba ta shiga, a fito da ita. Sai dai a kan kananzir wannan tunanin kuskure ne mai kisa. Man da ya riga ya wuce maƙogwaro lafiya ya sauka ciki, amai ne ke dawo da shi ya sake ratsa bakin hanyar iska, a daidai lokacin da yaron ke kuka yana jan numfashi da ƙarfi. Yaran da ba su shaƙa ba a kurɓar farko, da yawansu a wajen aman nan suke shaƙa.

Manja kuwa ba ya karya dafin komai. Yana tayar da zuciya ya jawo aman da ake gudu, kuma idan yaro ya ƙware da shi, shi kansa manjan yana haddasa nasa ciwon huhun mai wuyar warkewa. Madara ma ba makari ba ce. Ruwan gishiri da wasu ke haɗawa don a yi amai ya fi su duka muni, domin gishiri mai yawa shi kaɗai yana iya kashe ƙaramin yaro. Na san wannan magana tana da nauyi a kunnen wanda ya ga an ba yaro manja kuma ya tashi. Ya tashi ne domin man bai shiga huhunsa ba, ba don manjan ba. Da an ƙyale shi ma zai tashi. Wanda bai tashi ba kuma ba a cika danganta mutuwarsa da ɗurar da aka yi masa ba, sai a ce kananzir ɗin ne ya yi yawa.

Abin yi ba shi da yawa, kuma babu wanda ya fi ƙarfin talaka. A karɓe robar. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai. A cire masa kayan da man ya jiƙa, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa, domin yana ƙona fata kuma yaron na ci gaba da shaƙar tururinsa; a nisanta shi da wuta, a fito da shi inda iska take. Idan idonsa biyu a riƙe shi a zaune, idan jikinsa ya saki ko amai ya zo da kansa a kwantar da shi ta gefe don kada ya koma masa. Sannan a nufi asibiti, da robar a hannu. Tafiya da robar ba ƙaramin abu ba ne. Fiya-fiyar da ake sayarwa a ƙananan kwalabe don kashe sauro da kuɗin cizo sau da yawa da kananzir ake sirka ta, warinsu na iya rikita mutum, alhali gubar da ke cikinta daban ce, tana da nata alamomin, tana kuma da allurar da ke karya ta idan an yi sauri. Likita yana bukatar ya san da wacce yake faɗa.

Akwai wani tarko kuma. Bayan tarin farko yaro kan lafa, har ya koma wasa ko ya yi barci, sai hankalin kowa ya kwanta, a ce Allah Ya tsare. Amma ƙunar huhu a hankali take bayyana. Bayan 'yan sa'o'i sai numfashi ya fara sauri, haƙarƙari na lotsawa, hanci na buɗewa, zazzaɓi ya sauko, yaro ya yi laushi, leɓe ya canza launi, wani har da jijjiga. Hoton ƙirji ma idan an ɗauka da wuri yakan fito lafiya, sai daga baya tabon ya nuna. Saboda haka ne likitoci ke riƙe yaro aƙalla sa'a shida suna kallon numfashinsa ko da ya zo yana dariya. Iyaye kan fusata a nan, su ce an bar su zaune ba a yi wa yaro komai ba, ko wankin ciki ba a yi ba. Ƙin yin wankin cikin shi ne daidai, domin tiyon da za a zura yana jawo amai da shaƙa. Kananzir ba shi da makari. Abin da asibiti ke da shi shi ne ido, da iskar oksijin, da ƙarin ruwa, da taimakon numfashi har huhu ya gyara kansa. Yawancin yaran da aka kawo da wuri, ba a jagwalgwala su a gida ba, suna warkewa sarai.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, wa ke sayen kananzir yanzu? Gaskiya ne tun da aka janye tallafinsa a 2016 farashinsa yake hawa, lita ta daɗe da haura naira dubu, risho ya koma ƙarƙashin gado, fitilar ƙwai ta ba wa tocila da sola wuri. Amma an gudu ne ba a tsira ba. Gidan da ya koma gawayi ko itace har yanzu yana sayen ɗan kananzir na hura wuta, kuma tsadar ce ma ta sa ba a sayensa a galan mai murfi, sai ɗan kaɗan a ƙaramar roba, irin wadda hannun yaro ke iya ɗagawa. Sannan fetur ya shigo gida ya zauna. Janareta na bukatarsa, babur na bukatarsa, haka injin markaɗe da injin ban ruwa na noman rani. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya samu ragowar rabin lita ba ya wasa da ita, sai ya juye a roba ya kai ɗaki. 'Yan bumburutu a Kano, Katsina da Sakkwato a jarkoki da robobi suke sayarwa, kuma kayan da ba su ƙare ba gida suke kwana. A Maraɗi, Damagaram da Birnin Ƙonni a kwalabe ake jera shi a bakin hanya. Launin fetur kuwa yakan yi kama da na wasu lemuka. Ga kuma yaran gareji da ake sa wa su zuƙo mai da tiyo daga tanki da bakinsu, waɗanda su ma kurɓa ɗaya ce tsakaninsu da gadon asibiti.

Mun san fetur a matsayin wuta. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda tankar mai ta fashe ta hallaka mutum sama da 150, ya girgiza ƙasa, shugabanni suka je jaje. Yaron da ya sha mai a ɗakin uwarsa shi kaɗai yake tafiya, babu hayaƙi, babu ɗan jarida, gobe wani a wata unguwa.

Idan abin ya faru, tambayar farko da maigida ke yi ita ce, "Ina kike har ya sha?" Dangin miji su ɗauka, unguwa ta ɗauka, wani lokaci har ma'aikaciyar asibiti ta ƙara mata da faɗa alhali ɗanta na kan gado. Ina ganin wannan zalunci ne, kuma zaluncin da ke hana a gyara komai. Tana ina? Tana bakin murhu, da goyo a baya, wani na jan zanenta, ga wanki, ga ɗiban ruwa, ga sana'ar da take rufa wa gidan asiri da ita. A gidan haya mai ɗaki ɗaya, inda nan ne ɗakin kwana, nan ne ma'ajiya, nan ne wurin wasan yara, kuma girki a ƙasa ake yinsa, babu uwar da idonta zai iya kasancewa kan ɗan shekara biyu daga asuba zuwa isha. Ƙiftawa da bismilla ya ishe shi. Sau da yawa ma ba a hannunta yake ba: yana wajen yayarsa 'yar shekara bakwai da aka bar wa raino, ko a gidan biki inda kowa ke zaton wani na kallonsa, ko ya shiga ɗakin maƙwabta. Gida mai lafiya shi ne wanda ko ido ya kauce na minti biyu yaro ba zai iske guba a inda hannunsa ke kaiwa ba, cikin mazubin da ya saba shan daɗi a ciki. Wannan kuwa aikin wanda ya sayo man ne, da wanda ya auna ya zuba, da hukumar da ta bari ana zubawa a haka. Fetur ɗin janareta da na babur ba uwargida ce ke kawo shi ba. Maigida ne ya dace ya samo galan na musamman mai murfi mai ƙarfi, ya kafa ƙusa ko kanta a sama, ko ya sa kwaɗo a akwati, kamar yadda yake kulle abin hawansa kowane dare.

An gwada gyaran mazubi a wasu wurare kuma ya yi aiki. A yankin Gelukspan na Afirka ta Kudu, inda talakawa ke dogaro da kananzir kamar mu, an raba wa gidaje robobi 20,000 masu murfin da sai an danna an murɗa yake buɗewa. Sakamakon da aka buga a 1994 ya nuna shan kananzir tsakanin yara ya ragu da kashi 47 cikin ɗari. Ba a sauya halin iyaye mata ba, ba a kori talauci ba, murfi kawai aka sauya. Amurka tun 1970 ta yi dokar da ta tilasta irin wannan murfi a kan magunguna da kayan gida masu guba. A Indiya kananzir ɗin da gwamnati ta riƙa rabawa da rahusa rina shi aka riƙa yi shuɗi. Don hana karkatar da shi aka yi, amma ya nuna cewa rina kananzir na ƙasa guda abu ne mai yiwuwa. A wajenmu in za a rina, to shuɗi ya kamata, domin ja ko ruwan goro zoɓo da lemo za su tuna wa yaro. Launi shi kaɗai ba zai wadatar ba, amma zai raba shi da ruwan sha a idon yayar da ke raino, wadda ita ma takan ɗauko roba ta ba ƙaninta da kyakkyawar niyya.

Muna da hukumomin da wannan ya rataya a wuyansu. NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke kula da rarraba mai da sayar da shi. SON ita ke tsara ingancin kaya, har da mazubai. A 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da maganin ƙwari na Sniper a ƙananan kwalabe bayan da aka yi ta asarar rayuka da shi, wato idan an ga dama ana iya sa doka a kan mazubi. Kano cike take da masana'antun roba a Sharaɗa da Bompai da Chalawa, masu buga bokiti da buta da kujera. Ƙaramar robar rabin lita mai launi na daban da murfi mai wuyar buɗewa ba za ta gagare su ba. Kamfanonin mai da ƙungiyar dillalai ta IPMAN suna iya ɗaukar nauyin rabawa a gidajen mai. Ban yarda a bi mai teburin kananzir da kamu da tara ba. Shi ma abincin 'ya'yansa yake nema, kuma kora za ta mayar da sana'ar cikin gida ne, kusa da yara. A ba shi robar da ta dace a farashin da zai iya, a sa sarkin kasuwa da mai unguwa su tsaya a kai, har ya zama shi da kansa zai ce wa yaron da aka aiko, "Koma ka ce wa Umma ta ba ka robar kananzir, ba na zubawa a ta lemo."

Za a ce ƙaddara ce, kuma babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Ita ce ma abin da ke sanyaya zuciyar uwar da ta rasa ɗa, kada kowa ya ƙwace mata wannan. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya umarce mu da rufe mazubai da kashe fitila kafin a kwanta. Limamin da ya ware minti biyar na huɗubar Juma'a a farkon bazara ya yi wa magidanta wannan bayani bai fita daga aikinsa ba, kuma maza ne a gabansa, waɗanda su ne saƙon bai cika isa gare su ba.

Mata kuwa akwai ranar da ake samunsu cikin sauƙi. Ana kawo yaro allurar ƙyanda yana wata tara, daidai lokacin da ya fara rarrafe yana jawo duk abin da ya gani. A wannan zaman ya kamata ma'aikaciyar lafiya ta faɗa wa kowace uwa, da kakar da ta rako ta, inda za a ajiye mai da abin da ba a yi idan yaro ya sha. Gidajen rediyo, waɗanda ake saurare a kowane tsakar gida, su maimaita shi a watannin zafi. Gwamnatocin jihohi kuma su tabbatar akwai oksijin a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, domin babu amfanin a ce wa mutum ya garzaya asibiti ya je ya tarar da tukunyar iska babu komai. Sai masu kemis, waɗanda a unguwanni da ƙauyuka da yawa wajensu ake fara zuwa da yaro a kafaɗa. Ƙungiyarsu ta koya wa kowane ɗayansu cewa a wannan lamari babu sirof, babu allura, babu jira a ga yadda hali zai yi. Abin da ake so ya ce shi ne, "Baba, ba ni da maganin wannan. Kada ku ba shi komai, ku wuce babban asibiti yanzu."